Matar da Ta Share Soron Firmin

Ranar da aka binne Firmin mai giya, tun 'yan makoki ba su gama da burodi da cuku ba, matarsa Lieve ta cire baƙar hula, ta ɗaura kallabi, ta ɗauki tsintsiya da bokitin sabulu ta hau soro.

Ba taɓuwa ta yi ba. Tun tana amarya take cike da haushin wannan soro. A can ne Firmin yake juye dafaffen ruwan alkama da sha'ir cikin wani faffaɗan kaskon jan ƙarfe, ya wangale tagogi, ya bar shi ya kwana a buɗe, sanyin hunturu ya zuba masa abin da ya ga dama. Irin giyarsa, wadda ake kira lambik, ba a sa mata yis da hannu. Na iska da wanda ke maƙale a tsohon katakon rufi su ne suke faɗa mata. Don haka a can sama ba shara, ba fenti, ba kashe gizo-gizo. Firmin zai iya yafe maka zagin uwarsa, amma ka taɓa masa yanar gizo ɗaya ka ga tashin hankali.

Lieve kuwa mace ce mai goge marikin ƙofa har sai ta ga fuskarta. Giyar ma sau ɗaya ta taɓa kurɓa, ranar aurensu, ta kuma tofar a gaban dangin miji. Warin ya fi tsamin ba ta haushi, don yana bin Firmin har gado. Kullum a bakin ƙofa take tare shi.

"Tuɓe kwat ɗin nan a waje! Kai da dokin da ruwa ya daka, ban san wa ya fi wani ba."

Shi kuma sai ya yi dariya ya tuɓe. Haka suka tsufa.

To ranar nan ta samu fili. Ta kwashe yana buhu guda, ta dirje katako da sabulu har ya yi fari tas. Da ta sauko ta haɗa da kwat ɗin da zannuwan gado ta dafa su a ruwan zafi. Tana cikin shanya ɗansu Wannes ya sauko daga soron, har yanzu da kayan jana'iza a jikinsa, fuska kamar an watsa mata toka.

"Mama, me kika yi?"

"Shara. Haka ake kiranta, in ba ka taɓa gani ba."

"Kin binne Baba sau biyu a rana ɗaya!"

Ta yi tsaki ta ci gaba da shanyarta.

Wannes ya dafa giyar wannan hunturu shi kaɗai, ya ɗura a ganguna. Lambik kuma ba ta gaggawa, sai ta haura shekara kafin a san ko ta yi ko ta mutu. Kafin nan gari ya samu abin yi. Tsoho Sooi, wanda ya fi kujerun mashaya daɗewa a mashaya, ba ya ganinta ya ƙyale.

"Ga sarauniyar tsafta! Lieve, baɗi ruwan sabulu za mu sha ko da ɗan turare?"

"Kai ai ko sabulun ka sha, riba ce. Ciki dai ya ga wanka, tunda waje ya gagara."

Bakinta bai mutu ba, amma ta shiga fargabar ko ta kashe giyar. Wannes ya daina hira a tebur. Abin da ya fi cin ta kuma ba ta gaya wa kowa ba. Wata safiya ta farka ta jawo matashin Firmin ta kai hanci, ba ta ji komai ba sai sabulu. Ta je ta shinshina kwat ɗin, shi ma sabulu. Gidan ya yi ƙal, kuma babu Firmin a ko'ina a cikinsa. Ranar ta yi kukan da ba ta yi a maƙabarta ba.

Daga nan ta shiga farautar gizo-gizo. Kwalbar zuma a jaka, ta bi akurkin maƙwabta, ta bi rumbun dankali, duk wanda ta kama sai ta lallaɓa ta sake shi a soro. Manyan kuwa a coci suke, cikin ɗan akwatin da ake shiga furta zunubi, don mutanen garin sun daɗe da daina damun sa. Tana durƙushe a ciki rannan sai 'yar tagar da ke jikin akwatin ta buɗe. Fada Odiel ne, limamin cocin, murna fal, ya zaci an samu mai tuba.

"Ina saurare, 'yata."

"Ba wurinka na zo ba, Fada. Ɗan kau da kai, ga wani ƙato nan saman kunnenka."

"Lieve? Sata a ɗakin Ubangiji?"

"Yana da su da yawa, ba zai lura ba."

Fada ya rage murya. "Duba bayan mutum-mutumin Waliyyi Antoni, can masu ƙiba suke. In giyar nan ta lalace, ban san da me zan riƙa jure wa'azina ba."

Wannes ne ya kashe mata jiki ranar da ya kama ta tana juye kwalba a soro. "Mama, gizo-gizo ƙuda kawai yake ci. Ba shi ke ba da ɗanɗano ba. Abin yana cikin katakon da kika wanke."

Ta tsaya da kwalba a hannu. "To zai dawo?"

"Ban sani ba."

Da lokaci ya yi, Wannes ya kira Sooi da Fada ɗakin ganguna, ya tsiyayo wa kowa kofi. Giyar ta fito kalar zuma, ba kumfa. Lieve ta tsaya daga bakin ƙofa tana goge abin da ba ya bukatar guga.

Sooi ya kurɓa, haƙoransa suka mutu, ido ɗaya ya rufe. "Tsami dai ya yi, har ƙeya na ji shi. Wari ne ban sani ba. Taba ta cinye min hanci tun kafin a haife ka."

Fada ya ja majina. Mura ce ta kama shi, ko gawa aka sa masa a gaba ba zai ji ba. Wannes ya shinshina, ya sake shinshinawa, bai ji komai ba. A cikin warin aka haife shi, tun yana rarrafe hancinsa ya daina jin sa. Sai duk suka juyo suka kalli hanci ɗaya tilo da bai taɓa yin sulhu da wannan giya ba.

"Kada wanda ya kalle ni," in ji Lieve. Amma ta karɓi kofin.

Ta kai hanci. Ruɓaɓɓen tuffa ne ya fara zuwa, sai danshin tsohon katako, sai cukun da aka manta a aljihu. A ƙarƙashinsu kuma, daram, ga jiƙaƙƙen doki da gumin wuyan kwat.

"Tir!" ta ce. "Ƙazami! Ko ƙafa bai goge ba ya shigo."

Sooi ya buga cinya ya fashe da dariya, Fada ya ɗaga kofi sama, Wannes ya zauna a kan ganga ya rufe fuska da hula. Lieve ta ɗaga kai ta shanye kofin tas. Fuskarta ta yamutse, hawaye suka zubo har haɓa.

"Tsamin ne," ta ce, ko da yake ba wanda ya tambaye ta. "Wannes, cika min tulun can. Kada ka rufe bakinsa."

Ta rungumi tulun ta ƙetare tsakar gida. A bakin ƙofa, inda take tare Firmin kullum, ta ɗan tsaya, sannan ta wuce da shi har ɗakin kwana. Ta ajiye shi a gefensa na gado, ta je ta rufe tagogin duka.