Wayar da Ta Zame

Dayod ɗin lesa, mai fitar da siririn jan haske, ɗaya tak ya rage wa Auta, ɗan mitsitsi kamar maɓallin riga, ga shi ƙarfe biyu na rana malamai za su duba aikinta na kammala karatu. Na farkon ya mutu shekaranjiya a kan teburin nan na shagon Baba. Ta bar shi lafiya lau, ta dawo ta tarar da shi a mace, ga batir a gefensa. Ta ɗauke shi kawai ta ajiye gefe. Yo wa zai tuhumi mutumin da ya shekara talatin yana gyaran rediyo?

"Wai duk tarkacen nan don ɗan ƙwan fitila?" in ji Baba, yana nuna allon da ta haɗa.

"Ba ƙwan fitila ba ne, Baba. Haɗama gare shi, in ba a auna masa wuta ba sai ya sha har ya mutu. Allon nan shi ne direban, shi ke auna masa."

Ta miƙa masa tabaran kariya, ya saka yana gunaguni. Ta juya bakin lesar bango, ta murɗa sukurun wutar zuwa sifili, sannan ta kunna. A hankali take ƙarawa, idonta a kan mita. Can sai ga jan ɗigo a bango.

Ɗif, ɗigon ya ɗauke. Waya ɗaya ce ta zame daga ƙafar dayod ɗin, tana lilo.

Ai kafin ta ja numfashi hannun Baba ya tafi zai mayar, yadda ya saba. Ita kuwa ta san tun da wayar ta zame kondensan direban, wato ma'ajiyar wutarsa, ke ta tara wuta, ana jonawa zai juye ta duka a cikin dayod ɗin.

Tas! Ta buge hannun.

Innalillahi! Yarinyar da ko ido ba ta taɓa ɗaga masa ba. Kunya da tsoro suka rufe ta, ta kashe wutar.

"Baba, ka yafe..."

"Nuna min," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

Ta ɗora mita a kan kondensan. Wutar da ke ciki ta ninka abin da dayod ɗin ke iya ɗauka sau biyar. Ta tsiyaye ta sannu-sannu har mitar ta sauka sifili. Baba dai ba ya musu da mita.

"Na shekaranjiya, ni ne. So na yi ki dawo ki tarar ya kama."

"Na sani, Baba."

Ya ɗauki ƙarfen dalma ya liƙe wayar tsaf, liƙin da ita ba ta iya irinsa ba tukuna. Sai ya ja da baya, ya mayar da hannayensa biyu bayansa ya harɗe su.

"Kunna, Injiniya."