Tuffar Bana

Shekara talatin da ɗaya ke nan Květoslav Doubek yana zana tuffar da matarsa Bohumila take yanka wa gidansu ranar jajibirin Kirsimeti. Kowa a ƙauyen ya san al'adar: a raba tuffa biyu a kwance. In ƙwayoyinta sun fito tauraro mai tsini biyar, mutanen gidan za su ga baɗi. In gicciye mai tsini huɗu ne, to wani ba zai gani ba.

Abin da ya yi masa suna har Prague shi ne ba ya kallon ƙyallen da yake zane a kai sai ya gama. Ido yana kan abin da ke gabansa, hannu yana can yana aikinsa. Ya sha cika baki cewa hannunsa bai taɓa ƙarya ba.

Da hantsi ya ajiye tuffar bana a bakin taga, taurarinta ɓaro-ɓaro, ya yi ta aiki har rana ta take. Da ya juyo, sai ya ga gicciye a kan ƙyallen. Ya ƙirga a tuffa, biyar. Ya ƙirga a zane, huɗu.

"Tsohuwa! Zo ki gani."

Bohumila ta shigo tana goge hannu. "Kai tsoho, miya na kan wuta. Ko buroshinka ne ya sake ɓuya a bayan kunnenka?"

Ta dubi zanen, sai murmushin ya gudu daga fuskarta.

"Wannan ce tuffar da kika fara yankawa jiya?" ya tambaye ta.

Ta kawar da kai daga zanen. "Ta biyu ce. Ta farkon na jefa a murhu kafin ka shigo. Likita ya ce zuciyarka ba ta son tashin hankali."

Su biyu ne kaɗai a gidan. Tsoro ya kama shi, ya rasa wa yake ji wa, kansa ko ita.

Ya tsoma buroshi a baƙin fenti, idonsa ƙur a kan ƙyallen, ya ɗiga ƙwaya ta biyar.

"Ashe ka iya ƙarya," ta ce.

"Yau na koya."

Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa suna kallo. Ɗigon ya yi ƙyalli, sannan ya fara gangarowa a hankali, ya bar baƙin layi har ƙasan ƙyallen. Huɗun nan kuwa ko gezau.

Bohumila ta karɓi buroshin daga hannunsa ta ajiye.

"Taho mu ci tare," ta ce. "Miyar za ta huce."