Fasinja Mai Suna Biyu

Tun da mutumin ya shiga motar a bakin wata masana'antar gwangwani da ke kudancin Jidda, Garba bai daina leƙensa ta madubi ba. Fari ne tas, ido kamar na mage, ya rungume leda da harami a ciki. Da guntun Larabcinsa ya ce Makka za shi.

Shekara sha tara Garba yana jigilar Makka. Ya san direban da aka kama a shingen hanya da wanda ba Musulmi ba, mota ta tafi, iƙama, takardar izinin zama, ta tafi, sai jirgin Nijar. Ga shi da 'ya'ya huɗu a unguwar Waziriyya.

"Iƙama, ya Hajj."

Mutumin ya miƙo, ba da son ransa ba. Bangonta ruwan ƙasa, irin na waɗanda ba sa salla. Suna Stoyan, ƙasa Bulgeriya. Garba ya gangara gefen titi ya kashe mota.

"Sunana Sabri," in ji mutumin. "Wancan su suka laƙaba mini. A tamanin da biyar sojoji suka zagaye ƙauyenmu, suka kafa tebur, kowane Musulmi ya zaɓi sabon suna daga takardarsu. Har kaburbura suka bi da guduma suna goge sunaye."

"Ai gwamnatin ta faɗi, a rediyo na ji. Me ya hana ka karɓo naka?"

"Sabon fasfo bai fito ba aikin nan ya fito. Kafili, wanda ya ɗauko ni aiki, ya ga Stoyan, ya sa aka rubuta ba Musulmi ba, shi ke nan."

Labarin ya cika tsaruwa, Garba ya ce a ransa. Ko ɗan jarida ne, ko turo shi aka yi a gwada direbobi.

"Karanta Fatiha."

Ya karanta da gargada, murya ƙasa-ƙasa, yana waiwayen taga kamar akwai mai laɓe. Waiwayen nan bai kwanta wa Garba ba. Fatiha kuwa ko aku ya hardace.

"To, abu mai sauƙi. Mu je kotu ka yi shahada, su ba ka takardar sabon musulunta, a canja iƙama. Yalla, ni ne shaidarka."

Fuskar mutumin ta yi jawur.

"Sabon musulunta? Kakana limami ne! Sau ɗaya na sa hannu cewa ni ba ni ba ne. Ba zan ƙara ba."

Garba ya sake duban iƙamar. Maƙaryaci da gudu zai karɓi wannan tayin. Amma ɗan sandan shinge takarda yake karantawa.

"Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Ba zan iya ba."

Sabri bai yi gardama ba. Ya yago bayan kwalin sigari ya rubuta wani suna.

"Mahaifina ne. In ka shiga Harami ka faɗe shi da ƙarfi. A kabarinsa babu."

Ya sauka. Garba ya jira har ya sha kwana, ya juya takardar gaba da baya, ya leƙa ƙarƙashin kujera ko an bar masa wani abu. Sannan ya sa ta a aljihu, ya hau hanyar Makka ba fasinja.