Shekarar da Muka Koma Rukunin Jan Ɗigo

Ni Jabir ba na yabon kaina, amma a kulob ɗin harbinmu da ke bayan Huangpu, nan China, babu mai ja da ni a seti na ƙarfe. Tambayi kowa. Bindigogin iska ne masu harba ƙwayar roba, kuma a can ake kulle su, don a ƙasar nan ko da wasa ba ka kai irin wannan abu gida. Amma gasar ba wasa ba ce. Ka zaro bindiga daga ɗamara, ka ruga tsakanin allunan katako, ka harbi takardu masu ruwan ƙasa da ƙananan faranti, ka kauce wa farare, agogo yana bin ka a baya.

Rukuni-rukuni ake yin ta, kuma bindigarka ce ke zaɓa maka rukuni. Akwai namu, na ƙarfe, wato bindiga yadda kamfani ya ƙero ta, babu ƙari: ɗan ƙaho a gaba, 'yar tsaga a baya, idonka ya daidaita su. Akwai na masu jan ɗigo, waɗanda ke ɗaura ɗan gilashi a saman bindiga, ɗigo ya fito a ciki, inda ya sauka nan ƙwaya za ta sauka. Sai na 'yan gayu, inda ake yi wa bindiga ƙare-ƙare har ta koma kamar keken ɗinki. Ƙungiya kuwa mutum huɗu ce, kuma dole dukansu su tsaya a rukuni ɗaya.

Alhaji Ilu ne ya kafa tamu. Dattijo ne mai loda agogo da bel da tabarau zuwa Sabon Gari, shi ya fara kai ni kulob ɗin tun ina sabon ɗalibi, shi ya gyara mini riƙo da hannunsa. Kuma ya tsani jan ɗigo tsana mai tsanani. "Sandar makafi" yake kiran shi, a gaban masu shi ma.

To, bana idon Alhaji ya fara ba shi kunya. Na nesa yana gani tsaf, na kusa ne ya gagara, ɗan ƙahon kuwa a kusa yake. Sai ka ga ya miƙa waya can ƙarshen hannu kafin ya karanta saƙo. A atisaye ya huda farar takarda, abin da bai taɓa yi ba, ya ce iskar gas ce ta yi sanyi. Washegari ya sake huda wata, ya ce fitilar ɗakin ce.

Ana gab da rufe rajistar babbar gasa Saifullahi, na ukunmu, ya ja ni gefe da ni da Ismaël, ɗan Damagaram, cikon na huɗu.

"Jabir, mu faɗa wa juna gaskiya," in ji shi. "Alhaji ya gama. Akwai wani yaro ɗan Zariya a jami'a, hannunsa ba ya rawa. Mu sa shi."

Raina ya ɓaci matuƙa. "Kai, Saifullahi, ji tsoron Allah! Wa ya biya maka kuɗin shiga ranar farko? Yanzu ka iya zaro bindiga ba ta faɗi ba, shi ne har za ka sallami mutane?"

"To ka je ka ce masa ya ɗaura ɗigo," ya ce. "In ka isa."

Nan kam ya kama ni. Ɗigo ne maganin, don mai ɗigo takardar can nesa yake kallo, ba ruwansa da ƙaho. Amma wa zai dubi Alhaji Ilu ya ce masa ya tsufa? Kana faɗa zai yi murmushi, ya ce Allah ya ba ku sa'a, ya rataye ɗamararsa, kuma ba za ka sake ganin ƙeyarsa a kulob ba. Na san shi sarai.

Ranar Juma'a bayan masallaci na shiga jirgin ƙasa zuwa unguwar Tianhe, na sami wani shagon tabarau. Matar ta nuna mini kujerar gwajin ido, na ce a'a, lawban, haka ake kiran mai shago, wanda babu magani a ciki nake so. Ta ce meyo, wato babu. Na nuna mata wani mai baƙin firam a jikin bango, ta yi dariya, ta naɗe mini.

Da shi na shiga atisaye ranar Asabar, fuska a murtuke. Na harba, na kuskure da gangan, na yi tsaki, na murza ido. Sannan na je gaban Alhaji na rusuna.

"Alhaji, karatu ya ci mini ido. Ƙahon nan biyu-biyu nake ganin shi. Ko dai ku nemi wani a madadina, ko mu koma rukunin ɗigo gaba ɗaya. Abin da ka yanke shi ke nan."

Ya daɗe yana kallona. Can sai ya fashe da dariya har da tafi. "Ikon Allah! Yaro ɗanye shakaf da sandar makafi! Ismaël, zo ka ga yaran zamani." Ya share hawayen dariya. "Ba a yar da mutum a ƙungiyata. Saboda kai za mu ɗaura, Malam Makaho."

Sunan nan ya bi ni har cikin kasuwa. Na shanye. Abin da ya fi sunan ciwo shi ne kofin rukunin ƙarfe, wanda kowa ya san bana nawa ne, na bar shi ina ji ina gani. Ga ɗigon ɗan banza, ka zaro bindiga ka neme shi sama ko ƙasa ka rasa, kana juya hannu kamar mai neman sabis. Dole muka sake ɗamara, muka sake tsayuwa, muka koma 'yan koyo. Saifullahi yana ta ƙunƙuni, na ce ya yi ta yi, ba ya kisa.

Amma zo ka ga Alhaji! Sati biyu kacal ɗigo ya zama kamar da shi aka haife shi. Ranar gasa ya shiga fili cikin natsuwa, tas, tas, tas, faranti na faɗuwa, bai ko shafi farar takarda ba. 'Yan China suna ɗaga masa babban yatsa. Ƙungiyarmu ta zo ta uku, kuma makinsa ne ya ɗauke mu. Ni kuwa sunana can ƙasa, sai ka sunkuya za ka gan shi. Wani da ban taɓa bari ya wuce ni ba ya ɗaga kofin ƙarfe a gabana, na tafa masa, zuciyata tana suya.

Da la'asar muka fito, su Saifullahi suka yi gaba neman tasi. Alhaji ya riƙe mini hannun riga.

"Malam Makaho, kawo tabaran nan."

Na miƙa masa. Ya ɗaga shi sama, ya juya, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce.

"Na kwalliya ne. Ko ɗigon magani babu. Jabir, irin wannan nake cika kwantena da shi tun kana firamare. Tun daga bakin ƙofa na gane shi ranar da ka shigo."

Na sunkuyar da kai.

Ya goge tabaran da gefen rigarsa, ya mayar mini a fuska da hannunsa, ya gyara mini shi a kan hanci. Muryarsa ta yi ƙasa. "Kofin ka bari saboda ni. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu rufa maka asiri."

Wallahi ƙwalla ta cika mini ido, na rasa inda zan kalla.

Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro wani ɗan tabarau na karatu, wanda ban taɓa ganin shi da shi ba, ya saka, ya buɗe sakamakon gasar a wayarsa, a kusa da fuska kamar kowa.

"Matso," ya ce. "Nuna mini inda suka sa sunana."