Baban Obi da Kuɗin Gasar Abuja

"Alhaji, mayar da wayar nan aljihu," in ji Marcellinus. "Na ce kada ka kira shi."

Alhaji Maitama ya tsaya a bakin gadon, wayar tana hannunsa, yana kallon maƙwabcinsa. Ƙafafun Marcellinus sun kumbura har ba su shiga silifa, fuskarsa kuma ta yi fari fat. Jiya aka sallamo shi daga asibiti, kuma a gaban Maitama likita ya janye matar Marcellinus gefe ya ce mata wankin ƙodar ya daina amfani, a kai shi gida ya huta cikin iyalinsa.

"Baban Obi, ɗanka ne fa," in ji Maitama. "Yana da haƙƙin ya sani."

"Yau yake da wasa. Ka bar shi ya yi wasansa."

Marcellinus ya zo Funtua daga kudu tun yana saurayi, ya buɗe shagon kayan injin niƙa, ya kama haya a jikin katangar gidan su Maitama, daga baya ya sayi gidan. A nan ya yi aure, a nan aka haifi ɗansa tilo, Obioma, wanda unguwa duka ke kira Obi. Yaron ya tashi yana cin tuwon gidan Maitama, Hausa a bakinsa kamar ta kowane ɗan layin. A wani tsohon filin tanis da ma'aikatan auduga suka bari ya fara bugun ƙwallo, kuma uban bai taɓa so ba. Ya sha cewa wasan masu kuɗi ne, ɗan mai shago ba shi da abin yi a ciki. Duk da haka Obi ya dage, yau ga shi a Abuja, a gasar ƙwararrun maza, ya kai wasan kusa da na ƙarshe, inda bai taɓa kaiwa ba.

Maitama ya sa wayar a aljihu, ya hau babur ya nufi gonarsa ta hanyar Dandume. Masara ta kai ƙirji, ranar zuba taki ce, amma ya kasa ko kwance bakin buhu. Ya zauna a gindin ɗorawa yana juya maganar. Daga ƙarshe ya ciro wayar ya kira.

"Baba Alhaji, ina kwana?" Muryar Obi ta fito cike da murna. "Ka ji labari? Idan na ci na yau, kuɗin da za a ba ni ya ninka. Idan na ɗauki kofin gobe kuwa, ya isa a yi wa Baba wankin ƙoda har ƙarshen shekara, har mu kai shi babban asibiti."

Sai yanzu Maitama ya gane. Ashe abin da yaron ke bugawa dominsa ke nan.

"Obi, saurare ni da kyau. An sallamo babanka. Likita ya ce ba sauran wanki. Kuɗin nan ba za su iske shi ba, amma kai za ka iya iske shi."

Ya ji numfashin yaron ya sauya. Can Obi ya ce, "Shi ya ce ka gaya mini?"

"Shi ya hana ni. Ni ne na ƙi ji."

Da Maitama ya koma gida bai ɓoye ba. Ya shiga ɗakin ya faɗa wa Marcellinus abin da ya yi. Mara lafiyan ya juya fuska ga bango. Maman Obi tana zaune a kan kujera 'yar tsugune, ta riƙe kofin kunun da ya ƙi sha, hawaye na bin kumatunta.

"Shekara nawa muna tare, Alhaji, ba ka taɓa saɓa mini ba sai yau," in ji Marcellinus.

"Ka yi fushi da ni. Na fi son fushinka da a ce yaron nan ya riƙe mu a zuciya har tsufansa."

Marcellinus ya miƙo hannu. "Kira mini shi."

Aka kara masa wayar a kunne. Ya yi magana da yarensu, a hankali, yana hutawa tsakanin kalmomi. Sai kuma ya juya zuwa Hausa, kamar yana so Maitama ya zama shaida. "Ka riga ka je. Shiga ka buga. Ban taɓa ganin wasan naka ba, yau ina so in gani. Ina nan, ba inda za ni kafin ka gama."

Bayan la'asar wani abokin Obi da ke bakin filin ya kira ta bidiyo, ya saita wayarsa kan wasan. Aka jingina Marcellinus da matasai, Maitama ya riƙe wayar a gabansa. Hajiya Barakatu, matar Maitama, ta shigo ta zauna kusa da Maman Obi. Awaisu mai shayi ya bar teburinsa ya tsaya a taga, bayansa wasu maƙwabta suna leƙe.

Ba wanda ya san ƙa'idar wasan a cikinsu. Mutum biyu ne ƙanana a fuskar wayar, suna kai da kawo, ƙwallon ma ba a cika ganinta ba. Abokin ne ke faɗa musu, "Obi ya ci wannan," ko kuma, "Wannan ta kuɓuce masa." Duk wadda aka ce Obi ya ci, sai Awaisu ya juya ya sanar da layi, a kaure da sowa.

"Wane ne namu a ciki?" in ji Hajiya Barakatu.

"Mai farar riga, Hajiya," in ji Marcellinus, bai ɗauke ido ba. "Dubi yadda yake karkata kafaɗa. Haka mahaifina yake tafiya."

Abokin karawar, wani dogon Bature, ya ci zagayen farko. Obi ya rama a na biyu. A na uku hannun Maitama ya gaji, amma bai yarda ya miƙa wa kowa wayar ba. Sai kawai suka ga mai farar riga ya durƙusa a tsakiyar fili, ya dafe fuska, hoton ya hau tsalle saboda mai riƙe da wayar ma tsalle yake.

Marcellinus ya yi dariya, wadda ta ƙare da tari. "Ashe aiki ne," ya ce. "Kun ga gumi?"

Kowa ya ɗauka Obi zai kwana a can ya buga wasan ƙarshe. Amma washegari da hantsi, Maitama na ɗaure tumaki a ƙofar gida, sai ga ɗan acaɓa ya sauke Obi, doguwar jakar wasansa a baya. Ya faɗa wa masu gasar ya janye, ya biyo motar asuba. Kuɗin wanda ya zo na biyu za a ba shi, kofin kuwa ya bar wa ɗayan.

Ya durƙusa ya gaida Maitama, sannan ya shige. Maitama ya bi bayansa ya tsaya a bakin ƙofa.

"Kai wane irin yaro ne?" in ji Marcellinus, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ka bar kofi a kan tebur ka taho?"

"Akwai wata gasar, Baba."

Uban ya kama hannunsa na dama, ya juya tafin, ya shafa kantar da ta fito masa. Ya daɗe yana shafawa.

"Alhaji, matso ka ji, don kada a canja mini magana. Kuɗin nan, ba na so a kashe su a kan akwatin gawa mai tsada, ko a ɗauki mota a kai ni kudu. A nan za a binne ni, na faɗa wa Fada, limamin cocinmu. A gyara wa uwarsa rufin ɗaki. Sauran ya yi kuɗin jirgi da su, ya je gasar da ake yi a ƙasashen waje. In 'yan'uwana sun zo da surutu, kai ne za ka tsaya masa."

"Na ɗauka," in ji Maitama.

Ranar Marcellinus ya sha kunu, har ya nemi ƙari. Ya sa Obi ya bayyana masa yadda ake lissafin maki, ya saurara, ya ce wanda ya ƙirƙiro wannan lissafi bai taɓa tsaron shago ba. Kwana biyu bayan haka, da rana tsaka, ya cika, kansa a kan cinyar matarsa, ɗansa na riƙe da ƙafafunsa.

Mutanen cocinsu suka zo, 'yan kasuwa suka rufe shaguna. Gidan Marcellinus bai ɗauki jama'a ba, sai Maitama ya buɗe zaurensa ya shimfiɗa tabarmi, Hajiya Barakatu ta ɗora manyan tukwane. Da ƙannen mamacin suka iso daga kudu suka tada maganar ɗaukar gawa, Maitama ya zaunar da su, ya maimaita musu wasiyyar kalma bayan kalma. Babbansu ya sunkuyar da kai ya ce sun ji.

Kuɗin gasar suka shigo bayan an share makoki. Kafinta ya hau rufin ɗakin Maman Obi kafin ruwan Agusta ya yi ƙarfi, Obi kuma ya yanki tikitin wata gasa a arewacin Afirka.

Ranar tafiyarsa Maitama ya hana a kira ɗan acaɓa, ya ce shi zai kai shi tasha. An yi ruwa da asuba, layin duk taɓo ne. Maman Obi ta tsaya a ƙofar gida, Hajiya Barakatu na riƙe da hannunta. Obi ya hau bayan babur, ya rungume jakarsa, ya dafa kafaɗar tsohon da hannu ɗaya. Maitama ya ja a hankali, yana kauce wa kududdufai, ƙafafunsa biyu a ƙasa suna taɓa laka har suka hau kwalta.