Baro Goma Sha Biyu na Mai Burodi

Baro goma sha biyu na busasshen itace Mai Burodi yake bina. Shi ya ce ya manta. Ni ban manta ba, don tsakuwa goma sha biyu suna nan cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gadona, kowane baro da tsakuwarsa.

Bara ne da damina iska ta yaye kwanon rumfar da muke tara itace, ruwa ya yi kwana uku yana dukansa. Mu goma sha tara ne a gidan nan, kuma ban taɓa ganin cikin da ya yi haƙuri don itace ya jiƙe ba. Mai Burodi katanga ɗaya ce tsakaninmu. Da ya ga hayaƙi ya turnuƙe mana gida, matan 'ya'yana suna ta tari, sai ya fara turo mana baro daga itacen da yake gashi da shi. Na ce masa zan biya kafin wata damina.

"Haba Inna, itace ne fa," in ji shi.

Na ce ai na san ba zinariya ba ce, shi ya sa zan iya biya.

To ga shi hadari ya fara haɗuwa, ni ban biya ba. Na kuma leƙa rumfarsa na ga saura kaɗan ta koma wayam, wai motar da ke kawo masa itace ta lalace. Ko sau ɗaya bai yi mini zancen ba. Da ma ya yi, da na fi samun barci.

Itace kam ina da shi, sai dai a tsaye yake. Marigayi maigidana ya bar mana fili a bayan gari cike da bishiyar turare, shida sun bushe ƙayau. Masu sara da inji suka ce rabi nasu rabi nawa, na ce su gaida gida. Babban ɗana, wanda muke ce wa Akawu saboda aikin ofis yake yi, ya ɗauki gatari ran wata Asabar ya ce shi zai yi. Ya dawo da reshe ɗaya, matarsa ta yi mako tana shafa masa man zafi. A nan na ce injin yankan itace za mu saya, namu na kanmu, tunda bishiyoyin nan ba ƙarewa za su yi bana ba.

Kafin mu je kasuwa sai da na je filin. Ni ban san lambobin tef ɗin awo ba, don haka na cire ɗankwalina na zagaya gindin wadda ta fi kowacce kauri, na yi ƙulli a inda ya haɗu.

Shagon ɗan tsukuku ne, yana warin baƙin mai. An rataye injina a bango, daga ƙarami zuwa babba, kamar an jera yara za a yi musu hoto. Mai shagon gajere ne mai fensir a bayan kunne, ya ɗaure ƙafar tabaransa da zare. Ya ba ni kujera, ya ce ƙaramin can na batir ne, aikinsa rassa da gyaran shinge, in aka kai shi gindin bishiya kuka zai yi. Babban kuwa na masu kwana a daji ne. Bai gama ba Akawu ya riga ya tsaya gaban babban yana shafa shi. Ashe kwana uku ya yi yana kallon irinsa a waya.

Akawun ya ce in ba shi awon. Ya shimfiɗa ɗankwalina a kan dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa, ni harshe nake ce masa. Ƙullin ya wuce ƙarshen harshen babban injin da kusan taƙi biyu.

"Kin gani ko, Inna? Wannan ma ya yi mana kaɗan."

Mai shago ya sosa ƙeya, ya ce shi bai taɓa jin turare mai wannan kauri ba, amma in haka ne akwai wanda ya fi wannan, sai dai a yi odarsa, mako uku. Akawu ya ciro waya ya fara lissafi. Ni kuwa na yi nawa lissafin. Mako uku ai ruwa ya sauka, itacena ya jiƙe a tsaye, Mai Burodi ya kashe wutarsa.

Na zauna ina kallon ɗankwalin. Bishiyar nan na rungume ta da hannuna, ba ta kai gangar ruwanmu ba, ina ta samo wannan girma a hanya? Sai tukwanena suka faɗo mini a rai. Shekara arba'in in zan sayi murfi ba na ɗaukar tukunya zuwa kasuwa. Zare nake zagaya bakinta da shi, in na je in ninka shi uku, in ɗora a kan murfi. Bai taɓa ba ni kunya ba.

Na ce, "Akawu, injin nan zagaya bishiyar zai yi yana gaishe ta, ko ratsa ta zai yi?"

Ya ce ratsawa mana.

Na karɓi kayana na ninka uku daga baki zuwa ƙulli, na tashi na ɗora a harshen na tsakiya. Ya zauna daidai, har da rarar yatsa uku. Mai shago ya yi dariya har tabaransa ya zame. Ya ce shi ya ɗauka faɗin aka auno, kuma shekararsa ashirin a sana'ar nan ba a taɓa zuwa masa da tef mai fulawa ba. Akawu ya mayar da waya aljihu ya ce ai shi ma yanzu yake shirin rabawa uku. Na ce na sani, hannuna ne ya riga wayar.

Duk da haka bai saki babban ba. Wai ya fi sauri, wai in mutum zai saya ya sayi na gaske. Ban yi musu da shi ba. Na ce a sauko masa da shi ya riƙe yadda zai riƙe a wurin aiki, in ga ko ya yi masa kyau. Ya riƙe, ya buɗe ƙafa, ya yi kyau kuwa. Sai na juya na tambayi mai shago iyalinsa. Yara nawa, wanne ke makaranta, ya jikin mahaifiyarsa. Ashe tana fama da gwiwa irin tawa, muka shiga zancen magani. Muna kan gwiwar hagu na ji numfashin Akawu ya canza. Kafin mu kai ta dama harshen injin ya sunkuya yana neman ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Inna, a gwada na tsakiyan," ya ce a hankali.

Na tsakiyan ya riƙe har muka gama gwiwa muka shiga ciwon baya, numfashinsa bai canza ba.

Sauran tambayoyin na kicin ne. Me yake ci, kuma in ya yi ciwo wa ke da maganinsa? Mai shago ya ce fetur ake gauraya masa da ɗan mai, ya nuna mana gwargwado a jikin kwalba. Man sarƙa daban yake. Sarƙar irin wannan ko'ina akwai, ta babban ce sai an jira. Ya nuna birkin da ke tsayar da sarƙa in injin ya yi tsalle, na sa ya maimaita wa Akawu sau uku. Muka haɗa da magagarin wasa haƙoran sarƙa, da hular kwano, da safar hannu, da abin toshe kunne. Na biya nan take, don ba zan ci sabon bashi in biya tsoho ba. Sharaɗina ɗaya, shi zai zo ya kayar da ta farko ɗana yana kallo.

Ran Asabar da hantsi mai shago ya zo. Ya duba inda bishiyar ta karkata, ya yanke mata ɗan baki ta gefen da yake so ta faɗi, ya koma ta baya. Ta kwanta inda ya nuna da ƙafa, kamar an yi mata shimfiɗa. Sauran Akawu ya yi, ni ina nesa a kan kujerata ina ba da umarnin da ba mai ji. Kafin la'asar bishiya huɗu suna ƙasa, an yanka su guntu-guntu.

Da mota ta sauke itacen a ƙofar gida, na aika a aro baron Mai Burodi, don nasa ya fi namu zurfi, kuma da shi aka auno mini. Ya fito yana ta rantsuwa wai goma ne, ba sha biyu ba. Na girgiza masa gwangwani. Duk baron da ya shiga rumfarsa sai in ciro tsakuwa in jefar a kwata. Ana juye na ƙarshe aka fara yayyafi. Na kife gwangwanin a gabansa ya gani babu komai, na shige gida da ƙafa mara nauyi.

Washegari da safe ina shan rana sai ga burodi biyu masu zafi an ɗora a kan katanga.

"Inna, wannan kyauta ce fa, kar ki ƙirga," ya ce daga can.

Na ce to, Allah ya yi albarka. Na ci rabin ɗaya da shayi, yana da daɗi ƙwarai. Sannan na sunkuya na tsinci tsakuwa biyu.