Jinin da Ya Dawo wa Ummuhani

Wata bakwai Ummuhani tana zubar da jini kafin ƙanwarta Hureira ta sani. Ko shi ma ba faɗa mata aka yi ba, tsummokara ta gani shanye a bayan ɗaki, alhali al'ada ta ɗauke wa matar shekara huɗu ke nan.

Da ta titsiye ta, Ummuhani ta ce ai ta tambaya. Malamar islamiyyarsu ta ce jinin ciwo ne, ta yi tsarki ta ci gaba da salla. Tunda salla ta halatta, ita a ganinta magana ta ƙare.

"Yaya, hukuncin salla ta ba ki, ba magani ba. Ciwon kuma wa kika bar wa?"

Hureira ta tare babura biyu a Titin Koudoukou, bakinta bai huta ba har asibiti. Malamar ta sha nata zagin a bayan ido. Mijin Ummuhani, Abdulmutallib, ya sha fiye, mutumin da ke gane buhun da ɓera ya taɓa a shagonsa, amma bai ga matarsa ta yi fari fat ba.

Likitar ta ɗauki hoton ciki, ta yi bayani da Faransanci, Hureira tana mayarwa da Hausa. Shimfiɗar cikin mahaifa ce ta yi kauri. Sinadari biyu ke jikin mace, ɗaya yana gina shimfiɗar, ɗaya yana taka masa birki. Idan na farko ya yi yawa shi kaɗai, sai ta yi ta taruwa. Ƙiba tana jawo haka, wasu magunguna ma. Ko tana shan wani abu?

Ummuhani ta kwance bakin mayafinta ta miƙa wani kwali. Hureira ta san shi sarai. Ita take sayo mata shi wajen mai tallar magani a kasuwa, shekara biyu cur, saboda zafin jiki da gumin da suka addabe ta. Likitar ta juya kwalin, ta tambaya rai a ɓace wane ne ya ba ta wannan.

"Me ta ce?" in ji Ummuhani.

Hureira ta dubi kwalin. "Ta ce maganina ne ya ja miki."

Sauran bayanin da ƙyar ya fito. A daina ƙwayar yau. Za a ɗebi ɗan ƙanƙanin nama a gwada. In babu mugun abu, magani na wasu watanni zai wadatar, in akwai, sai an cire mahaifar.

Ummuhani ta miƙe, wai sai ta koma ta shawarci maigida. Hureira ta tare ƙofa, ta ce wata bakwai ya samu bai duba ta ba.

"Ke kika ɗura mini, ke kuma kike ɗaga mini murya?"

"Ni ce, Yaya. Ki zage ni har 'yan unguwar Miskine su ji, amma ba ki fita."

Ummuhani ta daɗe tana huci. Can ta cire takalmi, ta hau gadon gwaji, ta ce wa Hureira ta fita waje, ba ta son ganinta.